Ku Tashi Daga Damaga

Assalamu alaikum Yaya Zaharaddini,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ina Lami da yara? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah shi jiƙan Baba.

Ni lafiya lau nake a nan Malesiya. Ranar Talata na kare bincikena gaban malamai, suka ce na zama dakta a fannin gudanar da kasuwanci. Na yi godiya, na koma ɗaki na dafa shinkafa, na zauna ina kallonta. Tun da aka harbe Baba a gona ban yi kuka ba. Kada ka gaya wa Inna.

Ka tambaye ni ko ku zauna Damaga ko ku tashi, tunda ni ce mai karatu. Abin da aka shekara huɗu ana koya mini ke nan: in tara hujja, in auna haɗari, in yanke shawara ba da son rai ba. Na kira mutum tara na garinmu. Maƙwabcinmu Malam Sadi ya ce, "Taiba, ko hanyar kasuwa ta gagara." Ba wanda ya ce zai yi noma bana.

Ku tashi. Ka sayar da shanun tun suna hannunka, ka kai Inna Mafara wurin Kawu Uba. Za ta ce ba ta barin kabarin mijinta. Ka ce mata ni na yanke, ta yi fushi da ni, ba da kai ba.

Allah shi tsare ku.

Ƙanwarka,
Taiba