Jinin da Rabi ke nema

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Ina gaishe ka da kyau, kai da Hajiya Binta da yara. Yaya gwiwar taka? Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Daura sai godiya.

'Yarka Rabi, ta wajena, ta zo hutu daga jami'ar da take koyarwa. Har yanzu tana kan binciken ƙwayoyin halittar da ke cikin jini. Tana son ɗan jinin kowa a dangi, ko ta gano abin da ya sa sikila ke kayar da wasu yaranmu, wasu kuma ta zo musu da sauƙi. In ba ta samu ba, aikin ya tsaya.

Mun je Mai'adua wurin Inna Laure. Ta ce, "Ke Rabi, ni da gashin tsifata ma binne shi nake yi, jinina zan ba ki a kwalba?" Kowa ya noƙe, har ni. Da muka dawo na tambayi malaminmu, ya ce neman magani ba laifi ba ne. Na yi bismillah, na miƙa wa Rabi hannuna.

Na ji ka ce mata a'a ta waya, kuma ba zan matsa maka ba. Amma ni da kai muka zauna a kan ɗanka Aminu, Allah Ya jiƙansa, lokacin da sikila ta kayar da shi, ba abin da muka iya sai tofi. Ita Allah Ya sanar da ita wani abu. Ka yi istihara, Yaya.

A sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hauwa