Gefen Hagunki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Rakiyarki ce, mai taurin kan nan, na zo da labarin da ba zan iya riƙewa ni kaɗai ba.

Kin tuna gwajin idon da aka yi miki a Funtua, lokacin da kika fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidanmu na Maska? Aka ba ki ɗan maɓalli, aka ce ki danna duk sanda kika ga haske. Ke kuwa kika yi ta dannawa, kin gani ko ba ki gani ba. A hanyar gida kika ce mini, "Bawan Allah yana wahala a kaina, ya zan bar shi yana jira?" Aka ce sai an sake gwajin, damina ta kama, ba mu koma ba. Sai da hawan jinin ido ya cinye miki gani muka farga.

Makon jiya na ji ana neman manya masu lafiyar ido don a gwada wata sabuwar na'ura. Ita ba ta da maɓalli. Kyamara ce ke bin ƙwayar ido: haske ya ɓullo ta gefe, in ido ya gan shi ya juya da kansa, ita kuma ta rubuta. Ba ta tambayar mutum, balle ya yi mata kara. Na je, domin an ce ciwonki yana bin jini, ga shi shekaruna sun kai naki na lokacin.

Tarbiyyarki ta kusa ɓata aikin, Inna. Likitan dattijo ne, da ya yi mini magana sai in sunkuyar da ido, na'urar ta rasa ni. Sau uku! Dole ya koma bayana ya tsaya, sannan na ɗaga ido na kafe.

Haske ya zo ta dama, ta sama, ta ƙasa. Ya koma hagu, ko ɗaya bai wuce ni ba. Ganina cikakke ne. Duk shekara zan koma, kuma na sa wa Yaya Sani rana. Ko yana so ko ba ya so, sai na kai shi.

Kafin in tashi, likita ya nuna mini hoton yadda mai irin ciwonki ke gani: tsakiya tar, gefe duhu, ya ce wani lokaci gefe ɗaya ne ke fara tafiya. Nan take na tuna ranakun ɓarar gyaɗa. Ina gefen hagunki ina miƙo miki ƙwarya, ba ki ko waiwayo ba, ƙanwata Binta ta dama kike yi wa murmushi. Shekaru na yi ina cewa a raina kin fi son ta. Ashe ba ki gan ni ba ne.

Ki yafe mini, Innata.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki ta kowane gefe. In ya haɗa mu a Aljanna, a gabanki zan zauna, kuma ba zan sunkuyar da ido ba.

'Yarki,
Rakiya