Yaya Habibu, Wane Rumbun Sauti Zan Saya?

Zuwa ga yayana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarka Rabi ce ke rubuto maka daga Karaye. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Na sa ta a shafinka ne, inda mutane suka saba sauraron kiɗanka, ko a cikinsu za a sami wanda zai gane abin da ya shige mini duhu.

Wata bakwai ke nan da rasuwarka. Bayan an yi sadakar arba'in, Malam Auwalu, mai shirya fim ɗin nan na manoman gyaɗa na Rogo, ya zo har gidana. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce, "Malama, wallahi ba matsi na zo yi ba. Amma marigayi ya ce mini kiɗan fim ɗin ya kusa kammala. Ya kuma taɓa cewa duk ranar da ban same shi ba in nemi ƙanwarsa, ta san komai."

Yaya, me ya sa ka faɗa masa haka? Ni da aikina koya wa 'yan mata yadda ake kunna kwamfuta da buga wasiƙa? Abin da na sani bai wuce na zaman da nake yi kusa da kai lokacin hutu ba, ina kallo kana jera sautuka. Amma sai na ji bakina ya ce masa to.

Kwamfutarka ba ta tashi ba. Ruwan farkon damina ya yi yoyo ta rufin ɗakinka na Rogo ya jiƙa ta, ba wanda ya lura. Mai gyara a Kano ya ceto abin da ya iya, ya zuba mini a tawa. Na buɗe aikin, ga shi nan duk yadda ka bar shi, layi bisa layi, kowane da sunansa: goge na Turawa, babban goge, ƙaho, sarewa, ganguna. Na danna. Alamar tana tafiya a kan layukan, amma shiru kake ji. Na ƙara murya har ƙarshe, na sake sifika, shiru.

Sai na tuna bayanin da ka taɓa yi mini. Ka ce, "Kin ga Rabi, ba ni da makaɗa sittin, ba ni da zauren da zai ɗauke su. Amma a can wasu sun tara su, sun sa kowa ya buga sautinsa ɗaya bayan ɗaya, sun naɗa, sun zuba a rumbu suna sayarwa. Ni nawa in saya in jera." Ashe abin da aka ceto mini jerin ne kawai. Rumbunan sautin da ka saya suna kulle da sunanka a intanet.

Na gwada kalmar sirri har na gaji. Na sa sunan Inna, na sa sunan Baba, na sa Zoza inda aka haife mu, har sunan akuyar nan taka mai ɓarna na sa. Suka ce za su turo lamba ta layin wayarka, layin kuwa an riga an rufe shi. Na rubuta wa kamfanin da ɗan Turancina. Sun amsa da ladabi, sun yi mini ta'aziyya, suka ce lasisin na mutum ɗaya ne, ba ya komawa kan wani. Ban ma san yadda zan yi wa masu rabon gado wannan bayanin ba.

To, sai in sayi nawa. A nan ne kaina ya kulle.

Akwai na kyauta. Ƙarami ne, bai ci mini data ba. Na sa shi, kiɗanka ya yi magana karo na farko, na yi kuka. Amma da na share hawaye na sake saurara, sai na ji in gogen ya ja sauti mai tsawo kamar sauro ne ke kuka a kunne. Ba haka naka yake ba.

Akwai na biyan wata-wata. Da araha yake farawa, kuma komai da komai yana ciki. Amma duk watan da mutum bai biya ba, aikinsa ya koma kurma. Na riga na ga wannan shirun sau ɗaya, ba na son in sake gani.

Akwai kuma wanda ake saya gaba ɗaya. Akwai wani da na kusa biyan kuɗinsa, har na ɗauko katin banki, sai na ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasa cewa ba ya aiki sai an sayi wata manhajar daban da za ta buɗe shi, ita kuma ta fi shi tsada. Wani girmansa ya fi ƙarfin kwamfutata, kuma da wannan netiwok ɗin namu mai zuwa yana ɗaukewa, sai na yi furfura kafin ya gama sauka. Farashin duk da dala ne. Abin da na gani da safe ba shi nake gani da la'asar ba.

Na kalli bidiyon masu ba da shawara har idona ya yi ja. Kowa da wanda yake rantsuwa a kansa. Daga baya na lura yawancinsu sukan faɗa da sauri-sauri cewa kyauta aka aiko musu da shi. Ga kuma maganar filogin, waɗannan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa babbar don gyara sauti. Wannan ya ce sayi rumbu mai araha ki haɗa da filogin mai kyau na amsa-kuwwa, wanda zai sa a ji kamar a babban zaure ake kiɗan. Wancan ya ce ƙarya ne, in rumbun bai da kyau babu amsa-kuwwar da za ta rufa masa asiri. Yaya, wa zan bi?

Abokinka Sadiku na Kano da ya ji labari, sai ya aiko mini da ma'ajiyar kwamfuta cike da duk rumbunan nan masu tsada, waɗanda aka fasa musu makulli. Ya ce a waya, "Malama, kowa haka yake yi. Su can ba su ma san da zamanmu ba." Kwana uku tana kan teburina. In na miƙa hannu sai in ji muryarka ranar da kuka yi gardama da shi a zaure, kana cewa, "Wanda ya goga gogen nan shi ma yana da iyali." Na mayar masa. Har yanzu ban sani ba ko tsoron Allah ne ya sa, ko tsoronka, ko wauta ce kawai, don lokaci yana ta tafiya kuma Malam Auwalu yana jira.

Amma duk ba wannan ne ya fi wahalar da ni ba. Ka tuna ɗan guntun da ka turo mini ta waya, na minti ɗaya, na wurin da tsohon manomi yake tafiya shi kaɗai a gona? A cikinsa akwai wani goge da yake hawa kan sauran, mai ɗan kaushi, kamar mutum yana magana da shaƙaƙƙiyar murya. Na ƙudura cewa duk rumbun da yake da wannan sautin shi zan saya, ko nawa ne. Mako uku ina sauraron samfurin kowane kamfani ina gwadawa da naka. Babu.

Ran nan da rana ina sake saurara, maigidana Malam Nasiru yana cin abinci a gefe, sai ya ajiye cokali ya ce, "Ke kuwa me kike nema wurin Turawa? Wannan ai gogen gida ne. In ban yi kuskure ba hannun Baba Ilu ne na Tudun Kaya. Muna yara mun sha jin sa."

Na koma cikin aikin na duba. Can ƙasa akwai wani layi da babu komai a kansa, ka sa masa suna da haruffa biyu kawai, B da I. Na sha wuce shi ina zaton na gwaji ne. Ashe gogen da ka naɗa ne a wurin, mai gyara bai iya ceto shi ba.

Na san dalilin da ya sa ba ka faɗa ba. Babanmu ya yi shekarunsa yana magatakarda a ofishin hakimi, kuma a wurinsa kiɗa sana'ar wasu ce, ba ta gidanmu ba. Da ƙyar ya kau da kai ga naka, don yana ganin ka gaban kwamfuta kamar mai aikin ofis. Goge kuwa ka san sunan da yake da shi a bakin mutane. Amma ni fa, Yaya? Ni ma sai ka ɓoye mini?

Ranar Asabar Malam Nasiru ya ɗauke ni a babur muka tafi Tudun Kaya. Mun sami Baba Ilu a ƙofar gida yana tsinke gyaɗa daga harawa. Tsoho ne siriri, ido ɗaya ya yi fari. Bayan mun gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, na ce masa ni ƙanwar Habibu ce. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ina yaron nan mai na'ura? Ya ce zai dawo ya jiyar da ni kafin a cire gyaɗa. Ga shi har an cire."

Bai sani ba, Yaya. Ba wanda ya san za a gaya masa. Ni na gaya masa.

Ya yi salati, ya ajiye abin da ke hannunsa. Can ya ce sau biyar ka zo wurinsa kafin ya yarda, don ya shekara goma sha wani abu da rataye gogen. Ya ce kana zuwa sai ka cire takalmi tun daga nesa, ka tsuguna, kamar ka zo gaban malami. "Tunda nake, ɗan gidan sarauta bai taɓa tsuguna mini ba sai shi."

Na sa masa guntun ya ji sau ɗaya. Ya shiga ciki ya fito da gogen, ya ɗaure tsirkiya, muka shiga zaure na kafa makirfon ɗinka. Ya goga. Ba daidai da na farkon ba ne. Ya fi shi nauyi, ya fi shi jinkiri. Akwai ma kukan kaza a ciki. Na so in ce ya sake, na kasa.

Da na dawo na ɗora shi kan sauran, sai wata sabuwa ta taso. Gogensa ba ya zama daidai kan ma'aunin na Turawa, yana faɗawa tsakanin sauti da sauti. An ce akwai filogin da ke miƙe irin wannan. Na sauke na gwaji na sa. Ya miƙe tas, amma Baba Ilu ya fita daga ciki, sai wani abu mai santsi da ba na kowa ba. Na cire. Ta yaya kai ka yi suka zauna lafiya a naka? Su ka lanƙwasa ko shi? Na saurari guntun nan ya fi sau ɗari, ban gano ba.

Na koma na jiyar da shi haɗin da na yi da rumbun kyauta. Ya kasa kunne, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Nawa dai na ji shi. Amma su wane ne waɗannan a bayana? Kamar ba su karya kumallo ba."

Maganarsa ce ta sa na yanke shawara. Na sayi wani matsakaici, na goge zalla, da aka yi wa rangwame, na bar ƙaho da ganguna a na kyauta. Kwana huɗu ina sauke shi a ofishin makaranta inda netiwok ya fi dama. Washegarin da ya gama sauka, wani da na fi so aka karya masa farashi ƙasa da nawa. Na zauna ina kallon allon, ban san ko dariya zan yi ba. Wanda na saya ɗin ma in na kunna layuka da yawa kwamfutar sai ta riƙa sarƙewa, dole in bi su ɗaya-ɗaya. Ya fi na da. Ko ya kai naka, ban sani ba. Ranar Juma'a zan miƙa wa Malam Auwalu.

Shekaranjiya Inna ta zo ganin likita ta kwana a wurina. Da hantsi ina ɗaki ina gwada aikin a sifika, na manta tana tsakar gida. Gogen Baba Ilu yana shigowa sai na gan ta tsaye a bakin ƙofa da faifai a hannu. Na yi wuf zan kashe. Ta ce, "Bar shi."

Ta tsaya har ya ƙare. Sannan ta ce, "Wannan ne abin da yake yi a ɗakin nan shekara da shekaru?" Na ce e. Ashe ba ta taɓa ji ba, Yaya. Kullum da abin saurare a kunnenka kake aikin, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba don kada ran Babanmu ya ɓaci.

Ta ce, "Wannan ɗin shi ya yi, ko ke?"

Jerin naka ne, sautin ba naka ba ne, gogen ma ba wanda ka naɗa ba ne. Na ce mata, "Shi ya rubuta, Inna." Ta dube ni, ta dubi kwamfutar. Sai ta kwance bakin zanenta, ta ciro 'yar wayarta mai maɓallai ta miƙo mini. Ta ce, "To sa mini a nan. Ki nuna mini inda ake dannawa."

Allah ya jiƙan ka, Yayana. Allah ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi, ya yafe maka kurakuranka. In akwai laifi a abin da na taɓa na aikinka, Allah ya sa nawa ne ba naka ba. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ƙara wa Baba Ilu lafiya, ya sada mu da kai a gidan Aljanna.

Taka har kullum,
ƙanwarka Rabi,
Karaye.