Mundayen Innata na gani a otal, kuma ni na sayar da su

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na sauya su. Ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce daga Burumburum ta Tudun Wada, ina da aure da 'ya'ya biyu. Makon jiya aka tura mu horo Legas, muka iso Kano sai aka ɗaga jirginmu zuwa washegari, masu shirya taron suka sauke mu a wani ƙaramin otal a cikin gari. Tsohon gidan wani attajirin fatake ne aka gyara, ɗakunansa ba su fi goma ba. Ginin ƙasa, rufin azara, zanen dagi a bango, amma ga na'urar sanyi a kowane ɗaki. A zaure an jera kayan mutanen da cikin akwatin gilashi, su akushi da tasoshi da kayan ado. Ni da ban taɓa kwana a wuri irin wannan ba, ƙauyanci ya motsa, na tsaya gaban gilashin na ɗauki hoto na ɗora a waya kowa ya gani. Wallahi ban ko kalli abin da ke bayana ba.

Bayan la'asar yayana Sani ya kira ni. Ya ce, "Ke, kina wurin nan har yanzu? Koma ki duba bayanki a hoton nan. Ba mundayen Inna ba ne?" Na garzayo zauren na duba. Su ne. Mundayen azurfa guda biyu masu kauri, ɗaya da lotsawar da dutsen niƙa ya yi mata tun zamanin kakarmu. A ƙarƙashinsu an rubuta a 'yar takarda: daga Burumburum.

Jama'a, ni na sace su. Shekara tara ke nan, ina makarantar koyon aikin lafiya, duk 'yan ɗakinmu suna da manyan wayoyi, ni kuwa tawa da kyauro ake ɗaure ta, har suna aka sa mini. Da na zo hutu sai ga wata Hajiya da mota tana bin kasuwannin ƙauye tana sayen tsofaffin kaya. Na buɗe adakar Inna na ɗauko su na kai mata. Ba yunwa ba, ba ciwo ba, waya kawai! Wayar da ko shekara ba ta yi ba ta faɗa rijiya.

Da Inna ta nemi mundayen ta rasa, ina zaune ina tsince shinkafa aka yi ta lissafin wanda ya shiga ɗakin. Zargi ya faɗa kan Goggo Hari, Bafulatanar da ke kawo mana nono, aminiyar Inna tun suna amare. Ita kaɗai ce baƙuwar da ke shiga ɗakin Inna ta yi salla, har ta kishingiɗa. Inna ba ta kira ta ɓarauniya ba, cewa kawai ta yi, "Hari, ban da 'ya'yana ke kaɗai kike shiga ɗakin nan." Goggo ta dube ta, ta ce, "Ni, Ladi? Ni?" Ta naɗe gammonta ta ɗauki ƙwaryarta. Da ta zo wucewa ta gabana har kaina ta dafa ta ce in yi karatu da kyau. Ban ɗago ba. Daga ranar ba ta sake taka gidanmu ba, maganar ta bazu, mata suka daina sayen nononta, daga baya suka tashi suka koma wajen Doguwa. Matar da ta goya ni, wace irin zuciya ce da ni?

Ina tsaye gaban gilashin sai ga mai otal ɗin ta fito. Ita ce Hajiyar nan, ta ɗan tsufa, ba ta gane ni ba. Ta ce, "Sun burge ki ko, 'yata? Ai duk abin da kika gani a nan na san hannun da ya fito." Ta jawo wani babban littafi ta buɗe mini. Kowane kaya da hoton wanda ya sayar da shi. Sai a lokacin na tuna ta ɗauke ni hoto a ranar. Ga ni nan da hijabin makaranta, riƙe da mundayen, ina dariya har haƙora a waje. Hajiya ta ce, "Yarinyar kirki, ta ce kakarta ce ta bar mata gado." Na ce Allah sarki. Na roƙe ta ta sayar mini da su, ta ce ko ƙwaya ɗaya ba ta fita daga gilashin nan sai in mai ita ta asali ce ta zo da hujja. Na koma ɗaki na kulle, gadon nan mai laushi ya zame mini kamar ƙaya.

Yanzu na dawo, kuma Yaya ya riga ya nuna wa Inna hoton. Ranar Asabar zai kai ta asibitin ido a Kano, sun ce daga can otal ɗin za su wuce su tambayi wanda ya sayar da mundayen, kuma ni zan raka su tunda ni na san wurin. Jiya Inna ta riƙe hannuna ta ce, "In Hari ce na yafe mata, tsufa ya kama mu. In kuwa ba ita ba ce, da rarrafe zan je Doguwa, kuma wanda ya sa na ci mutuncin aminiyata ban san ko bakina zai iya yafe masa ba." Na ce mata to, Inna.

In na faɗa da bakina, Inna tana da hawan jini, ina tsoron abin da zai same ta. In na yi shiru, littafin nan zai faɗa a gaban Yaya da baƙin mutane. Na yi tunanin kiran Hajiya in roƙe ta ta cire hoton, amma in ta cire, Goggo Hari za ta mutu da sunan ɓarauniya ke nan, kuma an ce ba ta da lafiya. Mijina ɗan gidan malamai ne, yana yawan cewa ni ce macen da ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Da wane ido zan kalle shi?

Yau Laraba. Inna zan fara durƙusa wa, ko in hau mota in je Doguwa tukuna? Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?