Kuskuren Kosko na Talatin da Ɗaya

Alhamis, 2 ga Agusta, 1951
Shekara huɗu a jami'a ina karatun Latin, ga inda ta kai ni: benci mai zafi a filin besbol, ina yi wa Baba aikin ido. Shi ne marubucin sakamako na kulob ɗin garinmu tun kafin a haife ni. Yanzu ƙwallon ma ba ya gani. Ni nake raɗa masa abin da ya faru a fili, shi ya rubuta. Ba wanda ya sani, ko kuma kowa ya sani ana kara.

Juma'a, 3 ga Agusta
Mun sha kashi, 8 da 2. Wendell Kosko, ɗan wasanmu mai tsaron tushe na uku, ɗaya daga wuraren da mai bugu ke rugawa ya taka, ya sake sakin ƙwallo. Shekararsa talatin da shida, gwiwoyinsa sun ninka haka. Kullum sai ya hauro ya gaida Baba, ya tambaye ni ko Furofesa, sunan da ya laƙaba min ke nan, ta gano ma'anar wasan tukuna. Na ce masa har yanzu ƙarti ne ke bin ƙwallo da gudu.

Asabar, 4 ga Agusta
Arlo Dunning, mai jifanmu, ya yi jifa zagaye bakwai ba wanda ya samu bugu a kansa, wato ba abokin hamayyar da ya doki ƙwallo ta kai shi tushe. Mutum dubu biyu sun sani, ba mai furtawa, wai faɗa na karya sa'a. Baba ma haka, rubutunsa kawai yake. Shekara ashirin da tara yana jiran irin wannan wasa a littafinsa.

A zagaye na takwas aka doko wata ƙwallo kamar harsashi wajen Kosko. Ya yi tsalle, ta goge bakin safar hannunsa ta wuce. Ba ɗan Adam da zai kama ta. Idan bugu ne, tarihin Arlo ya rushe. Idan kuskuren Kosko ne, tarihin yana nan, kuma hukuncin na marubuci ne.

Baba ya sunkuyo: "Me ya faru, Lorna?"

Na ce kuskure.

Mu 3, su 0. Bugunsu sifili. Kuskurenmu ɗaya.

Lahadi, 5 ga Agusta
Sau uku na karanta wa Baba jadawalin da jarida ta buga. Ya ci kek ɗin tuffa yanka biyu. Doka ta ba marubuci kwana ɗaya ya sauya hukunci. Na wanke kwanuka har kwanan ya cika.

Litinin, 6 ga Agusta
An sallami Kosko. Manaja ya ce kuskure talatin da ɗaya a kakar wasa guda, ko ɗansa ne ba zai riƙe ba. Dama za su kore shi. Tun safe nake faɗa wa kaina haka.

Talata, 7 ga Agusta
Ya zo sallama da jakarsa, zai koma wajen surukinsa mai gidan mai. Ya ce wa Baba, Dattijo, kar ka damu, yaron nan Arlo ya cancanta. Baba ya ce shi abin da ya gani ya rubuta. Na kalli ƙasa.

A bakin ƙofa Kosko ya tsaya gyara hula.

"Furofesa, ke da kike da ido. Da ke ce, za ki kama ta?"

Na kau da kai. Ya yi dariya, ya ce shi ma haka ya zata, ba ta kamuwa.

Laraba, 8 ga Agusta
Ruwan sama. Ba wasa.

Alhamis, 9 ga Agusta
Wani sabo ne a tushe na uku, sunansa bai zauna min ba. A zagaye na huɗu ƙwallo ta kuɓuce masa. Baba ya sunkuyo. Na faɗa masa inda ta sauka, irin gudunta, da taku nawa mutumin ya yi kafin ya kai hannu. Na tsaya nan, ban ce bugu ko kuskure ba.

Ya daɗe fensir na sama. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ranar Asabar ba haka kika yi min ba."

Ya rubuta bugu.

Mun sha kashi, 5 da 4. Na rasa yadda aka yi na san ƙidayar kowace jifa. Zafin rana ne, ina jin, ya sa idona ruwa.