Hanyar Jirgi a Gonata

Alhamis, 3 ga Fabrairu, 1994

Lois ta iso daga Gombe da mijinta Simeon da yara uku, katifa ɗaure a kan mota. Wai Reluwe ta sallame shi. Ni na kai shi aikin nan da hannuna, na kuma ba shi 'yata don ɗan Reluwe ne. Yanzu yana zaune a ƙofar gidana yana cewa jirgi ya mutu. Jirgi akuya ne da zai mutu? Wani abu dai ya yi musu.

Lahadi, 6 ga Fabrairu

Su biyar a ɗakin da muke ajiye masara. Matata Dinatu ta bari sai da muka dawo sujada, ta ajiye mini tuwo, sannan ta ce, "Baban Lois, ga fili can kwance." Na san filin da take nufi. Na ture kwanon.

Bari in rubuta, tunda a gidan nan in na fara zancen sai kowa ya tuna yana da aiki. Ban shiga aji ba, baƙin nan wani akawu ya koya mini a sansanin lebura, amma abin da na sani na sani. Daga Kuru aka fara diga. Ni a Bauchi na shiga, da ƙarfina. Mu muka kai dogo Gombe, muka wuce Bajoga, muka haye Gongola, har Maiduguri. Aikina tsakuwa: in fasa, in zuba, in dandaƙe ta ƙarƙashin ƙarfe har ya zauna daram. Yatsan nan da babu, yana wajen Buni. Ranar da aka gama, safiyonmu ya ce saura reshe, daga Gombe zuwa Numan, ya gangaro ƙasar Muri. Da kunnena na ji. Na dawo gida, ba a jima ba wasu suka zo da madubi mai ƙafa uku, suka kafa turken siminti a gonar babana ta hanyar Kona. Ba su ce na mene ne ba. Ba sai sun ce ba.

Tun ranar ban shuka ko ƙwayar masara a tsirin nan ba. Daga turken har rafi, a miƙe. Duk shekara in share, in faso dutse daga tudu in tara a gefe. In sun zo su tarar an rage musu aiki.

Shi ake so in bayar.

Talata, 15 ga Fabrairu

Manga, Bafillatanin maƙwabcina, ya biyo da shanunsa. Yana azumi, bakinsa ba ya yi. "Jam, Sarkin Tasha. Na ƙarfe nawa ne yau? Ina da bijimai biyu zuwa Ikko." Na ce ya kau da su daga kan hanya. Ya ce tun yana saurayi suke cin ciyawar Reluwe, ba a taɓa kaɗe masa ko ɗan maraƙi ba, jirgin nan akwai ladabi. Ya wuce yana dariya. Shi ne ma mai cin riba.

Laraba, 16 ga Fabrairu

Gwiwa. Ban fita ba.

Asabar, 5 ga Maris

Simeon ya zo ya durƙusa, hula a hannu. Ɗaki biyu kawai, kafin ruwa ya sauko. Wai ya yawata unguwannin Majidaɗi da Yelwa neman fili, tun da aka mai da Jalingo hedkwatar jiha ko wurin ɗaure tunkiya ba a samu. Wai sauran gonar gangare ne, ruwa ke kwanciya, tsirin nan ne kaɗai tudu. Na ce ai shi ya sa safiyo ya zaɓe shi.

Na ce yanzu da muka zama jiha ne ma jirgi zai zo. Wace hedkwata ce ba tasha? Ya ce, "Baba, a Gombe ma sai a yi wata ba a ji kukansa ba." Na ce ƙarya yake. A gaban matarsa na faɗa.

Lois ta ce, "Baba, jirgin ya fi mu ke nan." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 14 ga Maris

Ƙaramarsu, Jemima, tari take ta yi. Maganin ƙwarin da muka barbaɗa wa masara ne. Dinatu ta rage mini magana zuwa "ga abinci." Ta bayan zana na ji Simeon yana cewa in ruwa ya sauko ba ɗaki, zai kwashe su zuwa ƙauyensu bayan Zing. Lois kaɗai ta rage mana. In ta hau duwatsun nan, sai dai ranar bisona.

Zan je Gombe da kaina in ji abin da ya yi aka kore shi. In dawo in faɗa a gaban kowa.

Alhamis, 17 ga Maris, Gombe

Tasha tana nan. Agogonta ya tsaya. Taragu a jere, duk tsatsa, wata mata ta shanya barkono a cikin ɗaya. Nan ne a zamaninmu ake loda gyaɗa da auduga har mutum bai ga sama ba.

Na bi layi da ƙafa ta wajen Bajoga. Dogon da jirgi ke bi bayansa ƙyalli yake yi. Wannan ja ne. Can gaba ƙarfe yana rataye a iska, an yashe tsakuwar ƙarƙashinsa. Na bi sawun baro har wani sabon gida, na gan ta a harsashin ginin. Na san fashin hannu in na gani. Tamu ce. Na tsaya ina shirya abin da zan faɗa, sai mai gidan ya fito, "Baba, lafiya? Daga ina cikin ranar nan?" Ya kawo ruwa a moɗa. Yara suna ta guje-guje a ƙofa. Na sha.

Ginin dai ya zauna. Ba tsaga ko ɗaya. Wannan ba zan ɓoye ba.

Mai gadin tasha, tsoho kamar ni, ya san Simeon. Ya ce bayan an daina aiko mai, shi kaɗai yake zuwa da nasa a kwalba yana shafa wa makullin layi. Ban ma tambaye shi ba, shi ya ga dama ya faɗa.

Juma'a, 18 ga Maris

Na dawo. Dinatu ta ce yaya jirgi. Na ce yana nan.

Talata, 22 ga Maris

Na ce wa Dinatu ta gaya wa Lois ta gaya wa mijinta: aro ne. Ginin ƙasa, rufin ciyawa, yadda ranar da suka zo za a rushe kafin rana ta faɗi. Kada a taɓa turken. Kada a taɓa mini tsakuwa.

Ya zo godiya. Na ce a ce ina barci.

Asabar, 9 ga Afrilu

Na je in duba ko sun taɓa turken. Harsashin da ya haƙa, kaza ma ta fi shi zurfin tono. Mutum ya yi shekaru a Reluwe bai san shimfiɗa ba. Na karɓe digar. Ƙasar nan na santa, ruwan fari zai kwashe ginin da yaran a ciki, a ce ni Tobiya ne na ba su wurin banza. Na ce a kawo tsakuwa baro ɗaya. Ɗaya bai isa ba. Na dandaƙe da kaina, gwiwa ko ba gwiwa, shi yana zubawa ina cewa nan, nan. Hannunsa ba laifi.

Manga ya tsaya da sandarsa a wuya. "Sarkin Tasha, yau tashar ake ginawa?" Na ce ɗakin tikiti ne. Ya ce a ajiye masa biyu, kusa da taga.

Da yamma Simeon ya taka harsashin ya ce, "Baba, wannan ai ya fi ƙarfin ginin ƙasa." Na ce to ya nemi bulo da kwano, kada ya ɓata mini aiki.

Turken ya faɗo daidai bakin ƙofa. Jemima ta hau ta zauna tana lilo da ƙafa. Na bar ta.

Tsakuwa saura kaɗan. In sun zo su fasa tasu.