Gidan Kaka ya fita hannunmu

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta? Mu nan ƙasar Kiru sai godiyar Allah.

Yaya, ka cire rai da gidan Kaka. Aron zauren da Baba ya ba hukuma don manya su riƙa zaman shawara ya cinye gidan duka. Yanzu shi ne majalisar gari, har da tuta.

Jiya Inna ta matsa na kai ta. Ta tuɓe takalmi a bakin zaure ta yi sallama, ba wanda ya amsa. Ta zagaya bayan ɗakinta, inda ta binne cibiyarka, ta tarar an malale wurin da siminti, motoci a kai. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce, "Mu tafi, Hadiza, masu gida suna aiki."

Tun da muka dawo ba ta ƙara tambayata yaushe za ka dawo gida ba.

Ka sa ta a addu'a, mu ma haka. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza